Por arriba, por medio ko rondeña: wanne za ka ɗauka?

Malam, ka ce kana haɗa kiɗan flamenco, kiɗan gargajiyar kudancin Sifen, a jita, kana tambayar wane saitin tsirkiya ya fi tsakanin por arriba, por medio da rondeña. Biyun farko ba saiti ba ne. Tsirkiyoyi suna nan yadda aka saba, E A D G B E, daga ta 6 mai kauri zuwa ta 1 siririya. Abin da ya bambanta shi ne inda yatsu ke zama.

A por arriba, gidan kiɗan, wato sautin da yake komawa ya tsaya, E ne, ana saukowa Am, G, F, E. Kamun F ɗin ba a danne duka: ka matsar da kamun E gaba da firet ɗaya, wato gaɓa ɗaya a wuyan jita, ka bar tsirkiya ta 1 da ta 2 a sake, su ke ba da wannan ɗacin. Salon flamenco irin su soleá da fandangos na Huelva nan suke zama, don tsirkiya ta 6 tana ba su nauyi.

A por medio kuwa gidan A ne: Dm, C, Bb, A. Manuni shi kaɗai ke kwanciya kan tsirkiya ta 4 da ta 3 a firet na 2, na tsakiya ya kama ta 2, sauran biyun su samu sararin ado. Hannu ba ya tafiya nesa, shi ya sa bulerías da tangos, masu gudu, suka fi zama nan. Wanda ya kama A da yatsu uku zai ga Bb na kuɓuce masa idan kiɗa ya yi zafi.

In da mawaƙi, muryarsa ce alƙali. Cejilla ita ce matsewar da ake ɗaurawa a wuyan jita don ɗaga sauti. Por medio ba cejilla daidai yake da por arriba da cejilla a firet na 5. In ya ce ya yi masa ƙasa, matsar da cejilla, kada ka taɓa saiti.

Rondeña ce canjin saiti na gaske: tsirkiya ta 6 ta sauka zuwa D, ta 3 zuwa F#, gida ya koma C#. Makaɗin jita Ramón Montoya ne ya fito da ita, kuma ta fi dacewa da jita ita kaɗai. Zurfin sautinta ba a magana, amma akwai kuɗin shiga: duk abin da ka sani a ta 3 sai ka ƙara firet ɗaya, a ta 6 biyu. Sannan tsirkiyar nailan da aka sassauta takan sake hawa da kanta, sai ka duba saiti bayan 'yan mintuna.

Ni dai in kiɗanka na rakiyar rawa ne ko waƙa, ka bar rondeña tukuna.