Gargaɗi ga masu bincike: a yi hattara da dillalan furotin na tantanin ƙwayar halitta

Ɗaliban digiri na biyu da na uku, da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, ku saurara. Akwai 'yan damfara da ke bin masu bincike ta imel, suna cewa su wakilan kamfani ne, suna da furotin na ɗan Adam wanda aka haɗa a ɗakin gwaji, irin wanda ke zaune cikin tantanin ƙwayar halitta. CCR5, CXCR4, CD20, Claudin 18.2, duk wanda ka ambata wai yana nan a ajiye, cikakke, mai aiki, da araha, kuma zai iso cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya taɓa fama da irin wannan furotin ya san da walakin. CCR5 ya ratsa tantani sau 7, kuma sassan da ke nutse a ciki ba sa shiri da ruwa. Da an raba shi da kitsen da yake zaune ciki, sai ya dunƙule ya lalace, sai fa in an riƙe shi da sinadarai irin su DDM ko LMNG, ko an mayar da shi cikin ɗan faifan kitse da ake kira nanodis. Yawanci a ƙwayoyin ƙwari na Sf9 ko ƙwayoyin ɗan Adam na HEK293 ake noma shi, abin da ake samu kuma ɗan kaɗan ne. Shekaru Brian Kobilka ya yi yana fama kafin a ga surar mai karɓar saƙon adirenalin na beta-2 a 2007, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel tare da Robert Lefkowitz a 2012. Dangin GPCR, wato masu karɓar saƙo irin wannan da CCR5, sun kai kusan 800 a jikin mutum, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na magunguna a kansu suke aiki. Buƙata ta yi yawa, kaya sun yi wuya, nan macuci ya sami ƙofa.

Wani kam kuɗin zai karɓa ya ɓace. Wannan da sauƙi, don ka san an cuce ka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai aiko da kaya. Zai noma guntun furotin, ɓangaren da ke leƙowa waje kawai, a cikin bakteriyar E. coli, ya rubuta "cikakke" a jikin kwalba. Sayar da guntu ba laifi ba ne in an faɗi cewa guntu ne, kamfanonin kirki ma suna yi. Ɓoyewar ita ce ha'inci. E. coli kuma ba ya liƙa wa furotin sarƙoƙin sukarin da ƙwayar ɗan Adam ke liƙawa. Wani lokacin furotin ɗin cikakke ne, amma naɗinsa ya warware, ba ya kama komai.

Ruwa ne garai-garai a ƙaramar kwalba, ido ba ya bambancewa. Gwaji ya ƙi, ɗalibi ya zargi hannunsa, ya sake, ya kuma sakewa, watanni su tafi tare da kuɗin tallafi. Mafi muni, a zaɓo antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki, da ke kama lalataccen furotin, a wallafa sakamako, alhali a kan ƙwaya mai rai ba ya kama komai.

Kada hoton SDS-PAGE, wato gwajin rarrabe furotin a jel, ya ruɗe ku. Kimanin nauyi yake nunawa, bai ce furotin na aiki ba. Irin waɗannan furotin ma sukan sauka ƙasa da ainihin nauyinsu a jel, kuma da wannan macucin ke kare kansa in ka yi ƙorafi. Ba a cinikin biri a sama. Ku nemi jerin amino asid daga farko har ƙarshe, ku gwada da UniProt, rumbun bayanan furotin na intanet: CCR5 na ɗan Adam amino asid 352 ne, lambarsa P51681. Ku tambayi ƙwayar da aka noma shi, da abin da aka riƙe shi a ciki. Ku nemi sakamakon SEC, gwajin da ke nuna ko furotin ya dunƙule, na wannan rukunin da za a aiko, da shaidar kamu, misali maganin maraviroc a kan CCR5 ko maganin rituximab a kan CD20. In hoto ɗaya ne a takardun rukunai daban-daban, ku janye. Haka in dillalin ya ce ba sai an sa busasshiyar ƙanƙara ba ga furotin da ke cikin DDM, abin da ake ajiyewa a digiri 80 ƙasa da sifili.

Ku duba adireshin imel harafi-harafi, don sukan sauya harafi ɗaya a sunan sanannen kamfani. Ku shiga shafin kamfanin da kanku ku nemi sunan wakilin. Kada ku biya ta asusun mutum ko ta kirifto.

Wanda ya riga ya saya, ya dakatar da gwaji, ya ware ɗan kaso a firiza don tantancewa da na'urar auna nauyin sinadari, ya adana saƙonni da rasit, ya sanar da bankinsa da sashen sayayya na cibiyarsa tun yau.