Fistin na zubi ko na ƙira: amsa ga mai taudibin shas 2F

Assalamu alaikum ƙanina. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Ka ce shas ɗin mahaifinku ce, Allah Ya jiƙansa, Land Cruiser ƙirar 1979 mai injin 2F. Ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, kun sauke injin a sina'iyyar Jidda, unguwar garejoji, za a yi taudib, wato a warware shi a sabunta kayan cikinsa. Mai shago ya miƙo maka fistin na zubi, abokinka kuma ya ce ka yi odar na ƙira daga Amurka, wai ka kashe kuɗi sau ɗaya ka huta. Ni dai na zubi zan sa mata, amma bari ka ji dalili don kada ka zata tsumulmula ce.

Na zubi, narka alminiyum ake yi a zuba a mazubi, kamar yadda maƙeranmu na gida ke zuba tukunya. A cikinsa akwai silikon wajen kashi 12 cikin ɗari, shi ke rage masa kumbura idan ya ɗau zafi. Don haka ake sa shi dab da bangon silinda, tazarar ba ta wuce milimita 0.03 zuwa 0.05. Yana tashi shiru da asuba, ringi na zaune daram, mai ba ya haurawa sama. Irinsa Toyota ta sa wa motar nan, ka kuma ga shekarun da ya kwashe.

Na ƙira, wanda 'yan tsere ke ce wa fojid, curin alminiyum ne ake dumamawa a matse shi da injin mai tsananin nauyi har ya ɗau siffa. Ƙarfinsa ba ƙarya ba ne, inda na zubi zai fashe shi sai dai ya lotsa. Amma iri biyu ne. Mai lamba 2618 kusan babu silikon a jikinsa, yana kumbura ƙwarai, dole a bar masa tazara ta kai 0.10 ko fiye. Kafin injin ya yi zafi za ka ji shi yana kaɗa-kaɗa a cikin silinda, wannan rawar kuwa tana cin ringi da bango sannu a hankali. Mai lamba 4032 yana da silikon kusan daidai da na zubi, ya fi dama-dama ga motar yau da kullum. Dukansu an yi su ne domin injin da aka ɗora wa turbo ko wanda ke gudun tsere.

To dubi injin da ke gabanka. 2F ya fito a 1975, silinda shida a layi ɗaya, cc 4,230, faɗin silinda milimita 94, tafiyar fistin kusan 102, matsinsa wajen 7.8 kacal. Ƙarfin jansa yana cika tun juyi 1,800 a minti, iyakar dokinsa kuma wajen 3,600. Raƙumi ne, ba dokin sukuwa ba. Ko kun lafta mata kaya kun hau dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa a giya ta biyu, wahalar da na ƙira aka yi don ya jure ba za ta zo ba. Za ka biya ninki-ninki, ka jira jirgi, ka samu ƙara da asuba, ƙarfin da ka saya kuma yana kwance ba aikin yi.

Akwai na uku a tsakani, zubi ne shi ma amma silikon ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 19. Ba ya saurin ci, ba ya kumbura sosai. Aibinsa tauri irin na tangaran: idan injin na yin ƙarar nan kamar tsakuwa a gwangwani, wadda Larabawa ke ce wa sarga'a, bakin da ke riƙe da ringi na sama ne ke ɓallewa. Da zafin Makka da ke haura 45 a lokacin bazara da tsohuwar kabureta, ban ga dalilin nemansa ba.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne kan fistin, domin nan ake yin asarar da ba a gani sai an rufe inji. 2F yana da fistin mai tozo a ka, yana da mai shafaffen kai, kowanne da irin kan injin da aka yi masa. Mai tozo yana tafiya da kai mai faffaɗan ɗakin ƙonewa, shafaffe kuma da mai ƙaramin ɗaki. Ka sa mai tozo a ƙarƙashin ƙaramin ɗaki, matsi ya yi yawa, wani lokaci ma ya taɓa kai. Ka sa shafaffe a ƙarƙashin faffaɗa, matsi ya faɗi ƙasa warwas. Wannan na biyun ya taɓa cina a wata shas, shekarun baya. Na aiki yaro shago da lambar shekara kawai, na ɗaura ban gwada da tsohon ba. Injin ya tashi lafiya lau, ba hayaƙi, ba ƙara, amma a hawa sai ka ce an ɗaure mata ƙafa, ga shan banzin, wato fetur. Mun yi kwanaki muna zargin kabureta da taimin kafin na haƙura na sake buɗe kai, gaskit da kuɗin aiki duk daga aljihuna. Kada ka dogara da shekarar da ke kan istimara, takardar rajistar mota. Motocin nan sun sha hannu, mai yiwuwa kan da ke kanta daga tashlihin Biriman, inda ake farke tsoffin motoci a Jidda, aka ɗauko shi tun kana firamare. Ɗauki tsohon fistin ɗaya a leda ka je da shi shago, a ajiye su gefe da gefe a kan teburi.

A nan ma ka kula da fistin 3F. Faɗinsu ɗaya, 94, amma tafiyar 3F 95 ce, don haka ramin fin, ƙarfen da ke haɗa fistin da sandarsa, ba a wuri ɗaya yake ba. Yana shiga silinda sumul, sai dai ba naka ba ne.

Sai girma. Kada mai makrata, wato mai yankan silinda, ya ce maka a tafi babba don ƙarin ƙarfi. Ana samun ƙarin 0.50, da 1.00, da 1.50. Ko na ƙarshen ka je, girman injin kashi 3 cikin ɗari kawai zai ƙaru, ƙafarka ba za ta ji shi ba, bango kuma ya yi siriri ya ƙara ɗaukar zafi, taudib na gaba sai an sa wa silinda riga. A auna kowace silinda sama da tsakiya da ƙasa, domin sama ne ke fin ci. In 0.50 ya share zaizayar, a tsaya nan. Tsarin kuma shi ne a auna, ka sayo fistin, ka kai masa su shida a hannu, sannan ya yanka bulok daidai da su. Wanda ya yanka kafin ya ga fistin, ƙiyasi ya yi da dukiyarka.

Na zubin ma ba duka ɗaya ba ne, araha ba ta ado. In ka samu na Toyota a kwalinsa, madalla. In babu, nemi na Japan, ringi kuma Riken ko NPR ko TPR. Sa kowane ringi cikin silindarsa ka auna bakinsa kafin a ɗaura, na sama ya tsaya wajen milimita 0.35 zuwa 0.40, sai in takardar da ke cikin kwali ta ce wani abu daban. In bakin ya matse, zafi zai haɗe shi ya karce bango.

Rarar kuɗin da za ka yi odar da su, kai su ga lagireto, famfon ruwa, tamostat da gyaran taimin, tunda yawancin fistin da na ciro a narke ko a karce zafi ne ya kashe su. Banzin 91 ya ishe ta. Turo mini hoton kan tsohon fistin da na ɗakin ƙonewa kafin ka biya ko riyal ɗaya.