Zubar da ruwan lagireto kawai, ko wanke hanyar ruwan gaba ɗaya?

Ɗan'uwanmu ya tambaya cewa motarsa mai ja da ƙafa huɗu ce, injin dizal, kuma lokacin canza kulant, wato ruwan sanyaya inji, ya yi. Shin ya buɗe ƙasan lagireto ya zubar ya sake cikawa, ko kuwa sai an wanke ko'ina? Malam, amsar tana ga abu biyu: yanayin ruwan da ke ciki yanzu, da kuma ko ka san irin wanda aka zuba a baya.

Zubarwa da sake cikawa ita ce hanya mai sauƙi. Ka bar inji ya huce sarai, ka kwance makullin da ke ƙasan lagireto, ka tare ruwan a daro. Sai dai abin da zai fito yakan kai rabi ne ko ƙasa da haka. Sauran yana maƙale a cikin gangar jikin inji da hita, kuma manyan motoci irin su Land Cruiser masu hita a baya sun fi riƙe ruwa. Wannan hanyar ta isa idan ruwan ya fito garau, babu tsatsa, kuma irin kulant ɗin nan dai za ka mayar.

Wankewa kuwa ta zama dole idan ruwan ya koma launin ƙasa, ko an daɗe ana ƙara ruwan famfo, ko ba ka san me aka zuba ba. Kar launi ya ruɗe ka. Ja ko kore ba shi ne ke nuna sinadarin da ke ciki ba, sai ka karanta jikin galan. Haɗa iri biyu yana rage ƙarfin maganin tsatsa, wani lokaci har ya yi kauri ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Yadda ake yi: ka zubar, ka kwance kusar zubar da ruwa da ke gefen inji in akwai, ka cika da tataccen ruwa, wato wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Ka kunna hita zuwa ƙarshen zafi, ka tayar da inji har tiyon sama ya ɗau zafi, alamar tamostat, bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ta buɗe. Ka kashe, ka jira ya huce, ka zubar. Ka maimaita har ruwan ya fito fari tas.

Ga inda mutane da yawa suke tafka kuskure. Bayan wankewa, ruwa zalla ne ya rage a cikin inji. Mu ce hanyar ruwan motar tana cin lita 12, lita 5 sun maƙale. In ka cike gurbin da lita 7 na kulant wanda aka riga aka gauraya rabi-da-rabi, ainihin maganin lita 3.5 ne kacal, bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Daidai shi ne ka sayi mai kauri wanda ba a gauraya ba, ka fara zuba lita 6, wato rabin abin da motar ke ci, sannan ka cike da tataccen ruwa. Littafin motarka zai gaya maka adadin litocin.

Kashi 50 ɗin nan ba don sanyi kaɗai ba ne. Yana ɗaga zafin tafasa zuwa kusan digiri 108 na Celsius, murfin lagireto mai ƙarfin matsi bar 1.1 kuma ya ƙara ɗaga shi sama da 120. Ga dizal, maganin da ke ciki yana kare famfon ruwa da ƙarfen inji daga ƙananan kumfa da girgiza ke haifarwa, waɗanda ke cin ƙarfe su bar shi da ramuka kamar an tsattsaga da allura.

Ko wace hanya ka bi, fitar da iska ita ce rabin aikin. Ka sa mazurari a bakin lagireto, hancin mota ya ɗan fi baya tudu, hita a kunne, ka riƙa matsa tiyo da hannu har kumfa ta daina fitowa. Idan hita tana hura sanyi alhali inji ya yi zafi, akwai sauran iska, kuma ita ce ke ƙona gaskit na kan inji. Washegari da sanyin safiya ka duba robar ajiyar ruwa ka ƙara.

In ka ga mai yana yawo a saman ruwan, wankewa ba za ta magance shi ba. A duba gaskit ko na'urar sanyaya man inji tukuna. Tsohon ruwan kuma guba ne mai zaƙi, yara da dabbobi na iya lasa, ka rufe shi a jarka, kar ka zubar a ƙasa.