Galaxy A55 sabuwa ko Galaxy S21 Ultra ta hannu: abin da na gani bayan na riƙe su duka biyun

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da kuɗin da ya fi na ƙaramar waya amma bai kai na babbar waya sabuwa ba, zai tarar da hanya biyu a gabansa. Ko dai ya ɗauki matsakaiciyar waya sabuwa dal a kwalinta, ko kuma ya ɗauki babbar wayar da ta yi tashe a shekarun baya, wadda aka shigo da ita bayan wani ya yi amfani da ita a ƙasar waje, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus. Ni na bi hanyoyin duka biyu. Na fara da Samsung Galaxy S21 Ultra ta hannu, daga baya na ƙara da Galaxy A55 sabuwa, kuma farashin da na saye su bai yi nisa da juna ba. Sana'ata ita ce sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari, kuma da yawa daga cikin masu sayen kayana da ke wajen Kano da hoto suke zaɓa, saboda haka kyamarar waya a wurina kayan aiki ce.

S21 Ultra ta fito a watan Janairun 2021, kuma a Amurka an fara sayar da ita a kan dala 1,199, wato ita ce ƙololuwar abin da kamfanin ya ƙera a farkon waccan shekarar. Tana da ido huɗu a baya: babban ido mai megafiksel 108, ido mai faɗi mai megafiksel 12, da kuma idanu biyu na janyo nesa masu megafiksel 10 kowanne, ɗaya yana janyowa ninki 3, ɗayan kuma ninki 10. A55 kuwa ta fito a watan Maris na 2024 da ido uku: babban ido mai megafiksel 50, mai faɗi mai 12, da ƙaramin ido mai megafiksel 5 na ɗaukar abu kusa-kusa. Ba ta da idon janyo nesa ko ɗaya, kuma daga wannan giɓin ne kusan duk bambancin hotonsu ya samo asali.

Da rana, idan abin da za a ɗauka yana kusa kuma haske ya wadata, da wuya mutum ya bambance hoton wannan da na waccan. Lambar 108 da 50 tana ruɗar masu saye fiye da kima, domin kowace daga cikin wayoyin tana haɗa ɗigogin hoto ne ta fitar da hoto mai kimanin megafiksel 12, S21 Ultra tana haɗa tara wuri guda, A55 tana haɗa huɗu. Bayan haka kuma WhatsApp yana matse hoton kafin ya isa wayar mai saye, ko da an zaɓi HD ɗin da aka ƙara a 2023. Na sha tura wa abokan ciniki hoton turmi ɗaya daga wayoyin biyu ba tare da na faɗa musu ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Abin da suke tambaya kullum shi ne ko launin da suke gani shi ne ainihin launin kayan.

Batun launi ya fi danganta da hasken wurin fiye da wayar. A cikin shago, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, shadda mai ruwan toka takan karkata zuwa shuɗi, ruwan ƙasa kuma yakan yi ja-ja, kuma wannan yana faruwa da kowace waya da na taɓa riƙewa. Maganinsa shi ne a fito da turmin bakin ƙofa, inda akwai inuwa amma hasken rana yana shigowa. Inda S21 Ultra ta yi mini amfani na musamman shi ne idonta mai ninki 3. Shadda tana da ƙyalli, kuma idan mutum ya matso da waya kusa da ita, inuwar hannunsa da ta wayar sukan faɗa kan kayan, gefen hoton kuma ya ɗan lanƙwashe. Da idon ninki 3 nakan ja baya, in ɗauki zanen saƙar daga nesa kaɗan, ya fito miƙe ba tare da inuwa ba. A A55 ma ana iya danna ninki 2, sai dai yanko tsakiyar hoton take yi ta faɗaɗa shi, kuma da rana yakan yi kyau daidai gwargwado. Ƙaramin idonta na kusa-kusa kuwa ban cika amfani da shi ba, domin megafiksel 5 ne kuma sai an tsaya a tazara guda kafin hoton ya fito sarai, alhali S21 Ultra tana amfani da idonta mai faɗi, wanda yake daidaita kansa, wajen ɗaukar zare ɗaya-ɗaya.

Nesa ita ce filin da tsohuwar wayar ba ta da abokin karawa a wannan farashin. Wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san cewa ba kowa ne ke samun matsowa kusa da dawakai ba, kuma yawancin hotunan da mutane ke komawa gida da su ƙeyar jama'a ce da ƙura. Da idon ninki 10 na S21 Ultra na ɗauki mahaya daga bayan taro, har ana ganin aikin da ke jikin alkyabba da naɗin rawani da adon linzami, kuma hoton yana da tsabtar da za a iya wanke shi a rataye a bango. Dalilin haka shi ne wannan idon a kwance yake a cikin jikin wayar, haske yana shiga ya lanƙwasa ta wani gilashi ya bi ta jerin tabarau, saboda haka janyowar ta gaske ce. Haka nan daga saman Dutsen Dala nakan janyo hasumiyoyin masallatai da rufin gidajen cikin birni, in dai ba lokacin hazo ba ne, domin hazon hunturu babu kyamarar da take iya ratsa shi. A55 idan aka kai ta ninki 10, wanda shi ne iyakarta, hoton yakan zama kamar an shafe shi da ruwa.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata mai sha'awar wannan idon ya sani. Ninki 100 da ake tallata wayar da shi abin nuna wa abokai ne kawai, domin daga wajen ninki 30 hoton ya fara dagulewa, kuma hannu ba ya iya tsayawa cak. Sannan ƙofar hasken idon ninki 10 ƙarama ce, f/4.9, saboda haka da zarar magariba ta gabato ƙarfinsa ya ragu sosai.

Da dare kuma, a wurin biki ko a tsakar gida inda ƙwai ɗaya ne ke ci, S21 Ultra tana kan gaba, ko da yake tazarar ba ta kai ta janyo nesa ba. Farantin da ke karɓar haske a babban idonta ya fi na A55 girma, don haka fuskoki sun fi fitowa da tsabta, duhu kuma bai cika yin yashi-yashi ba. A bidiyo tana ɗaukar 4K a firam 60 cikin daƙiƙa, har da 8K, yayin da A55 ta tsaya a 4K firam 30. Ga masu haɗa gajerun bidiyo na TikTok ko masu ɗaukar kamu da dina wannan yana da ma'ana. Ni dai bidiyon da nake yi bai wuce in ware turmi in juya shi a gaban kyamara ba, kuma A55 tana yin wannan ba tare da wani cikas ba.

Duk wannan yabon na kyamara ne, ita kuwa waya ana riƙe ta ne tun daga asuba har dare. A takarda batirinsu ɗaya ne, 5,000 kowanne, cajinsu ma ɗaya, wat 25, kuma babu wadda kan caja yake zuwa a kwalinta. A aikace kuwa ba haka abin yake ba, domin batirin da ya yi shekaru ana cika shi ana sauke shi ba zai riƙe abin da sabo yake riƙewa ba, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. S21 Ultra ɗina takan nemi caji tun kafin la'asar idan ranar ciniki ce, ga shi allonta babba ne, inci 6.8, mai cin wuta idan aka bar shi a kan mafi girman tsabtarsa. A55 kuwa nakan fita da ita da safe in dawo gida bayan isha da sauran caji a jikinta. A garin da wuta ba ta tsayawa, kuma ba kowane shago ne ke da sola ba, wannan bambancin ya fi na kowane ido nauyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, tsohon batir yakan ɗumama da wuri idan aka daɗe ana bidiyo a rana, kuma zafi yana ƙara gajarta rayuwarsa. Ana iya canza batir, amma sai an buɗe bayan wayar, kuma da zarar an buɗe, kariyar ruwa da ƙura da aka yi mata a masana'anta ba ta da tabbas. S21 Ultra ta fito da shaidar kariya ta IP68, A55 tana da IP67, sai dai shaidar wayar da ba a taɓa buɗewa ba ita ce abin dogaro.

Akwai kuma batun layi. Yawancinmu layi biyu muke riƙewa, na kira da na data, amma S21 Ultra da aka shigo da ita daga Amurka ramin layi ɗaya gare ta, na biyun sai ta eSIM, wato layin da ba shi da kati, saboda haka a tambaya kafin a biya. Ba ta kuma karɓar katin memori. A55 tana ɗaukar layi biyu, ko layi ɗaya da katin memori, domin rami ɗaya suke rabawa. Dukansu suna da 5G, wanda MTN ya fara a 2022 kuma Kano na cikin biranen farko da suka samu. Wajen sauri, S21 Ultra da ram ɗinta 12 har yanzu tana buɗe manhajoji da hanzari, tana da cajin da ba ya buƙatar jona igiyar caja, allonta kuma ya fi haske a tsakar rana. A55 mai ram 8 ba ta taɓa tsaya mini ba a WhatsApp da Facebook da manhajojin banki.

Abin da masu saye ba su cika tambaya ba shi ne tsawon lokacin da wayar za ta ci gaba da samun sabuntawa. S21 Ultra ta zo da Android 11, an yi mata alƙawarin ƙarin Android huɗu, ta kuma kai Android 15, wanda shi ne na ƙarshe gare ta, sannan shekara biyar na gyaran tsaro da aka ɗibar mata wa'adinsu farkon 2026 ne. A55 ta zo da Android 14 da alƙawari iri ɗaya, wato za ta kai Android 18, gyaran tsaronta kuma zai kai 2029. Wanda hoto kawai yake ɗauka ba zai ji wannan a jikinsa ba. Ɗan kasuwar da kuɗin shagonsa ke shiga da fita ta manhajar banki kuwa bai kamata ya ɗauke shi da wasa ba, kuma wannan ne ya sa na mayar da layukana da harkar kuɗina gaba ɗaya kan A55, na bar S21 Ultra a matsayin kyamara.

Wanda duk da haka zuciyarsa ta kwanta da tsohuwar, to allo ne abin da zai fi sa wa ido. Gefensa a lanƙwashe yake, samun gilashin kariya da zai zauna a kansa yana da wuya, kuma idan ya fashe kuɗin canza shi da na asali yakan cinye kaso mai tsoka na kuɗin wayar. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, wallahi folo-kom ce, ba a taɓa kwance ta ba," amma gani ya kori ji. A danna *#0*# a gwada launukan allo ɗaya bayan ɗaya don ganin ko akwai layi ko tabo, a gwada na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashin allon, domin allon da ba na asali ba yakan sa ta ƙi aiki. A shiga manhajar Samsung Members a duba lafiyar batir. A buɗe kyamara a bi ta kowane ido, musamman na ninki 10, a tabbatar yana daidaita hoto kuma babu ƙura a ciki, tunda saboda shi ake sayen wayar. A danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a kuma tabbatar an rubuta ta a rasit mai ɗauke da sunan shago, domin a halin da ake ciki na ƙwacen waya a gari, sayen waya ta hannu babu rasit jawo wa kai magana ne.

A ganina, wanda sana'arsa ko sha'awarsa ta shafi ɗaukar abin da ke nesa, kamar hawa ko wasan ƙwallo a filin Sani Abacha ko taron da ba a matsawa gaba, kuma yana da wata wayar da yake harkar kuɗi da ita, S21 Ultra mai lafiya ta cancanci kuɗinta. Mai shago, ɗalibi, ko uwargida mai sayar da kaya daga gida, wanda waya ɗaya zai riƙe ta yi masa komai, A55 ce ta fi dacewa da shi, ko da kuwa mai sayarwa ya nuna masa hoton farin wata a ninki 100. Wanda zai je kasuwa yanzu zai tarar da ƙanwarta, A56, wadda ta fito a watan Maris na 2025 da cajin wat 45 da alƙawarin sabuntawa na shekara shida, sai dai an cire mata ramin katin memori, kuma ita ma ba ta da idon janyo nesa.