Digiri na Biyu Kan Lafiyar Tsirrai ta Intanet: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Da wuya ka buɗe shafin jami'ar da ke tallar karatun kare amfanin gona ba ka ci karo da ƙiyasin nan na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ba: kwari da cututtuka na lalata abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na amfanin gonar duniya duk shekara. Maganar gaskiya ce. Tsutsar nan mai cinye masara da ta ɓulla a Afirka a 2016, da tsutsar Tuta absoluta da ta shiga Sifaniya a 2006 ta addabi tumatir, da bakteriyar Xylella da aka gano tana kashe itatuwan zaitun a kudancin Italiya a 2013, duk shaida ce cewa masu wannan ilimi ba za su rasa aikin yi ba. Sai dai alƙaluman ba za su gaya maka wane digiri za ka saya ba, kuma digirorin da ake kira da suna kusan ɗaya sun sha bamban ƙwarai.

Abin da zan fara aunawa kafin sunan jami'a, kafin ma kuɗin makaranta, shi ne: a ina, kuma a gaban wa, ɗalibi zai riƙe shuka marar lafiya a hannunsa?

Dalili kuwa, jigon wannan fanni shi ne gano abin da ke damun shuka. Ganye ya yi rawaya. Yana iya zama ƙarancin sinadarin naitirojin, yana iya zama bairos da darɓa ta ɗauko daga wata gona, ko ruwa ne ya kwanta saiwa ta ruɓe, ko tsutsotsin nematod ne suka ɗaure saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, ko kuma iska ce ta kwaso feshin maganin ciyawa daga gonar maƙwabci. Biyar ɗin nan suna iya kama da juna a hoto. Wanda ya tuge shukar, ya duba saiwa, ya tsaga kara ya ga launin cikinsa, ya lura ko tsofaffin ganye ne suka fara rawayar ko sababbi, ya tsaya bakin gona ya ga ko ɓarnar ta bi layi ɗaya ko ta warwatsu, shi ne zai iya rarrabewa. Allon kwamfuta na koyar da zagayen rayuwar funfuna da yadda magani ke aiki a jikin ƙwaro, kuma yana koyarwa da kyau. Amma saka ido a madubin ƙara girma, da shuka ƙwayar cuta a faranti cikin ɗakin gwaji, sai da hannu. Kowane shiri yana da yadda yake toshe wannan giɓi, kuma a nan ne mai kyau ke rabuwa da na jeka-na-yi-ka.

Shirye-shiryen sun kasu kashi uku. Kashi na farko, wanda ya fi dacewa da sunan “lafiyar tsirrai”, shi ne digirin ƙwarewa mai faɗi, wanda ba a rubuta kundin bincike a cikinsa. Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka tana da irinsa, ana kiransa MPHM, wato digiri na biyu kan kula da lafiyar tsirrai, sashen cututtukan tsirrai da sashen nazarin kwari ne suka haɗa gwiwa a kansa, kuma ana iya yinsa ta intanet. Jami'ar Jihar Washinton ma tana da digiri na biyu a aikin gona ta intanet mai reshen kula da lafiyar tsirrai, inda ake haɗa kimiyyar da darussan tafiyar da ma'aikata. Irin waɗannan an gina su ne domin wanda ya riga yana aiki: malamin gona, wakilin kamfanin iri ko na maganin feshi, jami'in duba tsirrai a kan iyaka, manajan babbar gona. A maimakon kundi, ɗalibi kan yi wani aiki na ƙarshe ko horon sanin makamar aiki. Ga mai aiki a fili, wannan shi ne zaɓin da na fi gamsuwa da shi, domin gonar da yake zuwa kullum ita ce ɗakin gwajinsa, darasin daren jiya zai gan shi da ido gobe da safe. Ga wanda bai taɓa aikin fili ba kuwa, yana iya gamawa da takarda mai kyau da kai cike da sunayen Latin, a kai shi gona ya tsaya yana kallon ganye.

Kashi na biyu shi ne digirin da ya tsaya kan reshe ɗaya. Jami'ar Nebraska da ke Linkon tana koyar da nazarin kwari ta intanet, Jami'ar Fulorida kuma nazarin kwari da nematod. Jami'ar Jihar Ayowa tana da kimiyyar noma, Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan tana da inganta iri, wanda ake yi ta intanet amma sai ɗalibi ya je harabar jami'ar na 'yan makonni domin aikin ɗakin gwaji. Zurfin da ake samu a nan ya fi na kashin farko. Kwas ɗin rarrabe kwari, alal misali, yakan buƙaci ɗalibi ya fita ya kamo kwarinsa, ya soke su da allura, ya sa wa kowanne suna da wurin da aka kama shi, wanda aikin hannu ne na gaske ko da malamin na wata nahiya. Illarsa ita ce ƙunci. Masanin kwari zalla yakan ɗora wa ƙwaro laifin da na funfuna ne. In aikinka ba da shawara ne ga manoma kan duk abin da suka kawo, duba ko za a bar ka ka ɗauki kwas ɗaya ko biyu na cututtuka da ciyawa daga wasu sassan.

Sai digiri mai kundin bincike. Wannan ƙalilan ne ke yinsa ta intanet zalla, saboda bincike na buƙatar ɗakin gwaji, da rumfar gwajin shuka, da malamin da zai sa ido. Inda aka yarda, galibi sai ɗalibi ya nuna yana da wurin da zai yi gwajin, kamar cibiyar binciken da yake wa aiki. In burinka digirin digirgir ne ko koyarwa a jami'a, kada ka yi wa kanka sakiyar da ba ruwa: digiri marar kundi ba ya toshe ƙofar gaba ɗaya, amma masu tantancewa shaidar bincike suke nema, kuma wanda ya zo da kundi da maƙala yana gabanka. Akwai kuma batun aljihu. Tallafin da jami'o'in Amurka ke ba ɗaliban bincike, inda ake yafe kuɗin makaranta a kuma biya su alawus domin suna taya malami aiki, kusan duk na waɗanda ke harabar jami'a ne. Ɗalibin intanet shi ke biya, ko ma'aikatarsa. Wani lokaci ɗalibi mai sakamako mai kyau zai fi samun sauƙi in ya nemi gurbin zuwa da kansa.

A gefe guda, kada a rikita waɗannan da digirin “likitan tsirrai” da Fulorida ta soma a 1999, Nebraska ta biyo baya da nata. Na likitan tsirrai karatu ne na shekaru a harabar jami'a, da doguwar horarwa a asibitin tsirrai da gonaki. Haka ma shirin Erasmus Mundus na lafiyar tsirrai a Turai, da kwasa-kwasan Jami'ar Harper Adams a Ingila: suna fitowa idan ka yi bincike a intanet, amma zuwa ake yi.

Akwai kuma tambayar da masu talla ba sa so a yi: digirin ma ya zama dole? Jami'o'i da dama na ba da takardar shaidar gaba da digiri, kwas huɗu ko biyar, kuma sau da yawa ana iya ƙirga su cikin digiri na biyu daga baya in an samu gurbi. Hanya ce ta taɓa ruwa kafin a faɗa. Sannan ga shaidun sana'a, kamar CCA ta masu ba manoma shawara a Arewacin Amurka, da BASIS a Birtaniya, waɗanda a wuraren da ake aiki da su wani mai ɗaukar ma'aikata yakan nemi su fiye da digiri. Cibiyar CABI, mai binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, ita ma tana da gajerun darussa ta intanet kan gano kwari da cututtukan amfanin gona. In abin da kake nema iya aiki ne kawai, fara da waɗannan. In kuwa ƙarin matsayi a ma'aikata sai da digiri na biyu, to ba makawa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kowace jami'a da gonakin da ke kewaye da ita take koyarwa. Misalan Ohayo da Ayowa za su karkata ga masara da waken suya, na Washinton ga tuffa, alkama da dankali, na Fulorida ga lemo da kayan lambu. Ka'idojin ba sa canzawa: haɗuwar shuka mai rauni, da ƙwayar cuta, da yanayin da ya dace, ita ke haifar da cuta a ko'ina; ƙirga ƙwaro kafin a yanke shawarar feshi; sauya rukunin magani domin kada ƙwaro ya saba da shi. Amma sunayen kwari, da lokacin fitowarsu, da adadin da in sun kai shi feshi ya wajaba, duk na wuri ne. Dokar maganin feshi ma haka. Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan kwari na rukunin neonikotinoid guda uku a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma, alhali wasu ƙasashe na amfani da su har yanzu. Don haka ka tambaya ko za a yarda ka yi ayyukan kwas da aikin ƙarshe kan amfanin gonar da ke gabanka. Ka kuma duba kalanda: kwas ɗin da ke buƙatar tattara ganye masu cuta ba zai yi maka daɗi ba in ya faɗo lokacin da gonakin yankinka suke a bushe.

Takardun nema kusan iri ɗaya ne ko'ina. Digiri na farko a aikin gona, nazarin halittu ko makamancinsu, kuma za a duba ko ka yi kimiyyar sinadarai da ilimin ƙididdiga. Wanda ya rasa su akan ce ya cike kafin ya fara. A Amurka makin da aka saba nema shi ne 3.0 cikin 4.0, wasu jami'o'in kuma sukan ce a kai takardar sakamako ga hukumar tantancewa irin WES ta daidaita ta da ma'auninsu, abin da ke cin makonni, don haka da ita za a fara. Sai wasiƙun shaida, galibi uku, da jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL ga wanda aka buƙata. Jarrabawar GRE, ta neman shiga karatun gaba da digiri, shirye-shirye da yawa sun daina nemanta. Takardar bayyana manufa kuwa, wadda ta ambaci wata cuta ko ƙwaro da mai nema ya yi fama da shi a fili, da abin da ya kasa ganewa, ta fi shafi biyu na yabon muhimmancin noma.

Wajen lissafin kuɗi, digirin Amurka yakan kai kiredit 30 ko ɗoriya, kuma kowane kiredit da farashinsa. Ka ninka, sannan ka tambayi abin da ba a rubuta da manyan baƙaƙe ba: kuɗin fasaha na kowane zango, kuɗin sa ido a jarrabawa, kayan aiki, da tafiya in akwai zuwan dole. Wasu jami'o'in farashi ɗaya suke yi wa duk ɗalibin intanet, wasu kuma suna tsawwala wa na waje. Karatun intanet zalla ba ya ba da bizar ɗalibi ta Amurka. Wanda ke da wannan a ransa ya sani tun yanzu. Ka tabbatar hukumar da ta dace ta amince da jami'ar, kuma ma'aikatarka ko hukumar ilimin ƙasarka tana karɓar digirin da aka yi daga nesa, a rubuce, ba da baki ba.

Kafin ka biya kuɗin fom, aika wa jami'in shirin saƙo. Ka nemi jadawalin kwasa-kwasan shekara biyu masu zuwa, domin akwai kwas ɗin da ke cikin ƙasida amma sai bayan shekara biyu ake koyar da shi. Ka tambaya ko darussan kai-tsaye ne a kan lokacin agogonsu ko naɗaɗɗu ne da za ka kalla bayan tashi daga aiki, da tsawon shekarun da aka yarda mai karatu yana aiki ya ɗauka. Sannan ka roƙi cikakken tsarin kwas ɗin gano cututtuka, ka karanta sashen ayyuka: samfuri nawa ɗalibi zai tattaro da kansa, wa zai duba su, kuma ta yaya za a gaya masa in ya yi kuskure.