Taron keɓewa ko babban taron yanki: wanne sabuwar malama za ta zaɓa?

Dakta, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin fara koyarwa a wata ƙaramar jami'a a Amurka da ke cikin tsarin INBRE, an gayyace ki taron keɓewa na masu bincike da jagororinsu, ga kuma babban taron yanki yana tafe, amma azuzuwan da ke wuyanki ba za su bar ki ki je duka biyun ba. Da ni ne, keɓewar zan je, sai dai da sharaɗi ɗaya da zan zo kansa.

Saboda 'yan uwa da ba su san tsarin ba: a 1993 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin IDeA domin jihohin da ba sa samun kaso mai tsoka daga kuɗin binciken lafiya na NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Jihohi 23 ne da Puerto Rico, irin su Montana, Idaho, Oklahoma da Alaska. INBRE reshe ne na shirin: babbar jami'a mai ƙarfin bincike ke jan ragama, ta haɗa ƙananan kwalejoji a jikinta, a ba sabon malami ɗan tallafi, a kuma haɗa shi da gogaggen farfesa ya zama jagoransa. Ba a so ya dawwama a kan ɗan tallafin nan. Ana so ya kai ga cin nasa na kansa daga NIH, ko tallafin R15 na makarantun da ba su saba samun kuɗin hukumar ba, ko R01, babban tallafin bincike na hukumar.

Da wannan ma'aunin ya kamata ki auna tarukan biyu.

Babban taro wurin nuna aiki ne. An raba jihohin gida huɗu, kowane yanki da taronsa, sannan ga na ƙasa, NISBRE, duk bayan shekara biyu. Za ki liƙa fosta, ki tsaya gefenta, mutane su wuce suna cewa aiki ya yi kyau. Za ki ji wace jami'a ce ke da na'urar da ba ki da ita, wataƙila ma ki gaisa da jami'an NIH ido da ido. Duk wannan amfani ne, amma babu wanda zai zauna ya karanta rubutunki layi-layi a tsakiyar wannan cunkoso. Kuma fosta ɗalibinki ma zai iya tsaya mata, shi ya fi ki buƙatar wannan gogewar.

Taron keɓewa kuwa wurin gyaran aikin da bai nuna ba ne. Mutane kaɗan, kwana ɗaya ko biyu, nesa da ofis. Abin da ake kaiwa can shi ne shafin manufofin bincike, wato shafi ɗaya tal a takardar neman tallafi da NIH ta yarje miki ki faɗi abin da za ki yi da dalilinsa. Shafuka 12 na tsarin binciken suna biye da shi, amma mai tantancewa yakan yanke hukunci a ransa tun daga wannan na farko. A keɓewa mai kyau ana kwaikwayon kwamitin tantancewa: mutum uku su karanta, su ba da maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi kyau, su feɗe biri har wutsiya kina zaune kina ji. A kwamitin gaske ba kya ɗakin, kuma kusan rabin takardun ko tattauna su ba a yi. Idan aka mayar miki, sau ɗaya kawai za ki iya sake tura gyararriyar. To gara a yi miki ba sani ba sabo a gaban abokan aiki.

Ni na taɓa kai shafina irin wannan zama ina ji da shi. Wata farfesa ta ce manufata ta biyu ta rataya ne a kan nasarar ta farko, idan ta farkon ta faɗi, komai ya rushe. Ranar ko abincin dare ban ji daɗinsa ba, amma gaskiya ta faɗa.

Sai batun jagora. Da yawa daga cikinmu kawaicin da muka taso da shi yana hana mu matsa wa babba lamba, sai shekara ta wuce an gaisa sau biyu ta imel. A keɓewa ne za ki zaunar da shi ku rubuta yarjejeniya: sau nawa za ku riƙa ganawa, kwana nawa zai ɗauka kafin ya dawo miki da rubutu, sunan wa zai fara a kan maƙala. A babban taro kuwa shi ma yana can yana neman nasa mutanen.

Sharaɗin shi ne ki nemi jadawalin tun yanzu. Wasu tarukan sunan keɓewa kawai gare su, daga jawabin shugaba sai rahoton kasafi sai hoto. Idan babu lokacin karatun rubutu ko ganawa da jagora a ciki, tafi babban taron. Idan akwai, tura wa jagoranki shafin mako biyu kafin ranar, ki kuma lissafa baya daga wa'adin da kike hari: sabon R15 ana karɓarsa ne 25 ga Fabrairu, Yuni da Oktoba, R01 kuma 5 ga waɗannan watannin.