Yaya, ga labarin garmahon da ka tambaye ni

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tambaye ni ko da gaske ne Turawa sun koma sauraron faifai. Da gaske ne. Tun zuwana Ingila na sha shiga shagunan kayan sauti, ga kuma abin da na gano.

Duk masu ƙera manyan garmaho abokin gābarsu ɗaya ne, wato jijjiga. Allurar tana bin tsagi siriri kamar silin gashi, nauyin da take sauke wa faifai bai cika wuce giram 2 ba. Ko injin ya ɗan yi rawa, ko wani ya taka daɓe da ƙarfi, sai ta kwashe ta haɗa da waƙar. Wajen maganin ne aka rabu.

Jamusawa da yawa da nauyi suke danne ta. Kamfanin Clearaudio da ke Erlangen yana da wani mai suna Statement, nauyinsa kusan kilo 350, sai an taru a ɗaga shi. Rega na nan Ingila, wanda Roy Gandy ya fara a 1973, bai yarda da wannan ba sam. A ganinsu abu mai nauyi yana riƙe jijjiga ne ya riƙa sakinta a hankali, shi ya sa suke yin jikin sakayau amma da tauri. Linn na Glasgow kuwa ya ɗora farantin da faifai ke zama a kai da hannun allurar a kan sifirin uku, su yi ta lilo ba ruwansu da daɓe. LP12 ɗinsu tun farkon shekarun 1970 ake ƙera shi, kuma wanda ya gaji tsohon na mahaifinsa yana iya kai shi a sake masa kayan ciki da na zamani. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Sai gardamar bel. Yawancin na Turai da siririn bel na roba inji ke jan faranti, don robar ta shanye rawar injin. Japanawa suka dasa injin kai tsaye a gindin farantin. Irin wannan ne Technics SL-1200, wanda ya fito a 1972, aka daina yin sa a 2010, jama'a suka matsa har ya dawo a 2016. Yana kama gudunsa nan take, ba bel da zai saki.

Yadda ake sayarwa ma abin faɗa ne. A shagon kirki ba a gaggauta maka. Ka zo da faifanka, a zaunar da kai a ɗakin sauraro, a juya maka shi a garmaho biyu ko uku da lasifika iri ɗaya. In ka saya, su za su ɗaura allurar su auna nauyinta. Da na ce wa wani mai shago daɓen ɗakina na katako ne, allura tana tsalle in na gifta, bai tura ni ga mai tsada ba, cewa ya yi in kafa kanta, wato maɗori, a jikin bango in ɗora garmahon a kai.

Masu saye kala-kala ne. Akwai dattawan da jin daɗinsu yana cikin gyare-gyaren, yau a sauya hannu, gobe allura. Akwai masu saye da ido, ƙarfe mai sheƙi ya cika falo. Ni dai na fi son wanda zan kunna in zauna, don haka zuciyata tana wajen Technics.

Abu biyu nake so ka sani kafin mu yanke shawarar wanda za mu saya. Wasu masu bel da wutar gida suke auna gudunsu, ta Turai tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, wanda aka yi don Amurka zai ja waƙa a nan. Sannan ka duba mini faifanka. In akwai tsofaffi masu gudun 78 a ciki, wato masu juyawa sau 78 a minti, ba kowane garmaho ke juya su ba, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri. Ka ƙirga su ka sanar da ni.